Ganye Biyu a Lungun Maroa

Worarua,
9 ga Yuni, 2008.

Zuwa ga ɗana Toara,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yan ƙasarmu da kuke aikin gonar inabi tare a New Zealand. Matarka Leisande tana lafiya, yara ma haka, ƙaramar ta yi tari amma ta warke. Ni kuwa gwiwa ce, ta ƙi ni na ƙi ta.

Tun ina ɗan shekara tara ake yanke mini hukunci ba na nan. Ranar da fasto ya sa ni a jirgi zuwa makarantar mishan, kakanka ya ce in je in yi karatu in dawo in riƙe gida. Ina can ina haddace sunayen kogunan Ingila, ya yanka aladu a gaban jama'a, ya ba ubanka Kalmet, ƙanena, Lungun Maroa na bakin teku da duk abin da ke cikin ruwansa. Na dawo da takardar shaida da takalmi sau-ciki, na tarar ba ni da ko taku ɗaya. Na koyar da 'ya'yan mutane har kaina ya yi fari, gwamnati ta sallame ni da agogon bango. Ubanka ya rasu, lungun ya zama naka. Ban kawo wannan don in tayar da tsohon zance ba. Na kawo shi ne don ka san abin da ya sa dattijo kamata zai zauna yana roƙon ɗan da ya koya wa riƙe fensir.

Gwaggo ta haihu. Ka san ta, ayun nan da take kiwo a ciyawar lungunka, wadda gari ya sa wa wannan suna don tana zuwa ba a gayyace ta ba, ta ci ta ƙoshi ta tafi ba sallama. Ɗan bai fi buhun kwakwa ba, kullum yana manne da gefenta. Baƙi masu jiragen ruwa sun fara isowa kamar kowace shekara, ni kuma ina ɗaukarsu a kwalekwale su gan ta. Turancin da ya ci mini gādo, amfaninsa da ya rage ke nan: in ce wa Bature ya rufe baki ya daina fantsama ruwa. Ka yi dariya in ka so. Da safe in na tashi, ita kaɗai ce dalilin da nake da shi na sauka bakin ruwa.

To, surukinka Apia, yayan Leisande, ya sayo wata doguwar raga ta roba daga Vila, babban birni. Yana shimfiɗa ta a bakin lungun, daidai mashigar Gwaggo. Na same shi yana gyaranta a ƙarƙashin kwakwa, na ce, "Apia, ayu numfashi take yi irin nawa da naka. In ta faɗa cikin wannan abu ba za ta iya ɗagowa ba."

Ya ce, "Hedimasta, rubuta mata sanarwa mana ka liƙa a bakin ruwa. Ai duk wanda ya daɗe kusa da kai ya iya karatu."

Samari suka fashe da dariya, rabinsu ɗalibaina ne. Na je wurin mai gari Kalpoi a zauren maza, na ce a ɗaura ganyen namele, alamar haramci, a bakin lungun a hana raga. Ya shanye kavarsa, tsimin saiwar nan na manya, ya goge baki, ya ce, "Malam Eliab, ganye da mai shi. In Toara ya ce a ɗaura, kafin ka rufe baki na ɗaura."

Abin da nake nema ke nan, ɗana. Layi biyu zuwa ga mai gari, ka ce ka yarda a ɗaura ganye a hana raga har ka dawo. Ƙugiya da mashi kowa ya ci gaba da abinsa. Ka ba da amsa a jirgi na gaba.

Baffanka,
Eliab.

Worarua,
6 ga Yuli, 2008.

Toara,

Ina gaishe ka. Gida lafiya. Leisande ta aiko mini da laplap, tuwon doya gasasshe a ganye, ranar Lahadi, na gode mata, ko da yake ba ta tsaya mun gaisa ba. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Jirgi ya zo ya tafi. Ya kawo shinkafa da kananzir da kwanon rufi, bai kawo takardarka ba. Na tsaya a kan yashi har suka sauke buhu na ƙarshe, ma'aikacin jirgin ya ce, "Baba, ko budurwa kake jira?" Wayar da ke shagon mishan kuwa ta mutu tun guguwar bara, ba wanda ya gyara.

Abin da nake tsoro ya kusa faruwa. Na fita da wata Baturiya da mijinta da hantsi, muka hangi ɗan Gwaggo yana juyi wuri ɗaya. Wutsiyarsa ce ta sarƙe a gefen ragar. Uwar tana tura shi sama da hanci ya sha iska, ya nutse, ta sake turawa. Baturiyar tana kuka tana ɗaukar hoto a lokaci guda. Na miƙa filafili na ɗaga igiyar, Allah ya sa zare biyu ne kawai, ya fizge ya tafi.

Na gaya wa Apia. Ya ce, "To ai ya fita. Ka ga ragata tana da tarbiyya." Na ce ya matsar da ita can bayan duwatsu. Ya ce a can igiyar ruwa za ta yayyaga masa ita, kuma yana da baki bakwai a gida. Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma Hedimasta, ruwan ƙanwata ne da mijinta. Kai a wane matsayi kake magana?"

Mutumin da ya karanta tarihin duniya, ɗan aji huɗu ya rufe masa baki da tambaya ɗaya.

Ɗana, ba ni da lokacin jiran ladabi. In jirgi na gaba ya zo babu amsarka, zan sari ganyen in ɗaura shi da hannuna, da sunanka. Abin da zai biyo baya ya biyo.

Baffanka,
Eliab.

Blenheim,
22 ga Yuli, 2008.

Zuwa ga Baffa Eliab,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya, sai sanyi. Muna datse rassan inabi tun safe, yatsuna sun tsattsage har riƙe biro yana yi mini wuya, ka yi haƙuri da rubutun.

Takardunka biyu a rana ɗaya suka iso, don an canja mana gona, ta farkon ta yi ta yawo. Na karanta su a jere, na ba Toswel ɗan gidan fasto ya sake karanta mini don kada in yi maka rashin adalci. Shi ma abin da na gani ya gani.

Baffa, ka fara da cewa lungun naka ne aka ba babana. Ka ƙare da cewa za ka ɗaura ganye da hannunka. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san wanda ya ɗaura namele a wuri, ya gaya wa duniya wurin nasa ne. Yau a ce da sunana, baɗi a manta da sunana a tuna da hannunka. Babana yana raye ba ka taɓa wannan zance ba. Sai da na tsallaka teku ina daskarewa don in yi wa 'ya'yana rufin kwano, sannan tausayin ayu ya kama ka? Leisande ta rubuto mini cewa kai kaɗai ke kai baƙi lungun, har wasunsu sun ɗauka naka ne.

Gwaggo ta girme ni a ruwan nan, ta ga raga iri-iri ba ta mutu ba. Kada ka taɓa ganye. Na rubuta wa mai gari na ce duk wanda ya ɗaura wani abu a Maroa ba da yawuna ba ne, kuma ina ƙara. In na dawo a watan Oktoba ma zauna a gaban manya.

Ɗanka,
Toara.

Worarua,
3 ga Agusta, 2008.

Ɗana Toara,

Gaisuwa. Kowa lafiya, ni ma yau da ɗan ƙarfina. Har yanzu ban ji daga gare ka ba. Na ɗauka aiki ne ya yi maka yawa, ko gidan waya ya yi halinsa.

Na ɗaura. Na hau tudu na saro ganyen, na kafa sanda a bakin lungun da rana tsaka kowa yana gani, na ɗaga murya na ce, "Wannan ganyen Toara ɗan Kalmet ne, ni ɗan aike ne. Ba raga a Maroa har ya dawo." Mai gari yana zaune a inuwa, bai ce e ba bai ce a'a ba. Ya dai tambaye ni, "Ya aiko?" Na ce, "Zai aiko."

Abin mamaki, ya yi aiki. Apia ya yi ta surutu, yana kiransa ganyen Hedimasta, yana tambaya ko shi ma yana ba da jarrabawa. Amma da yamma ya kwashe ragarsa ya rataye a bayan ɗaki. Mutanenmu za su raina mutum, ba sa raina ganye.

Da ka ga lungun jiya. Ruwa kwance kamar an goge shi. Na fita da wani tsohon Bature mai fama da ƙafa irina, muka zauna shiru. Gwaggo ta taso dab da kwalekwale ta fesar da numfashi, ɗan yana tsotso a ƙarƙashin hannunta. Tsohon ya cire hularsa. Bai ɗauki hoto ba, shi ya sa na ƙi karɓar komai a wurinsa.

Ka aiko da layi biyun nan dai, don bakin mai gari ya sami abin riƙewa.

Baffanka,
Eliab.

Worarua,
18 ga Agusta, 2008.

Toara,

Ina gaishe ka, yaranka lafiya. Ni ba lafiya ba, kuma ba gwiwa ba ce. Wannan takarda wasu baƙi ne za su tafi da ita Vila yau su sa ta a jirgin sama. Ka karanta ta da kanka, kada ka ba Toswel.

Jirgin Asabar ya kawo takardunka, tawa da ta mai gari. Na rubuta maka tarihi don ka gane ni, kai kuma ka karanta shi a matsayin ƙara. Ba zan tsaya gardama ba, ba lokaci. Ga abin da takardarka ta yi.

Kafin mai gari ya gama karantawa labari ya zaga gari cewa ganyena ba shi da uba. Apia bai jira komai ba, ya ɗauki raga ya shimfiɗa ta daga wannan dutse zuwa wancan, ruwa yana cike. Da la'asar mai gari ya tara manya. Tunda mai wuri ya yi ƙara, magana ta zama rikicin gādo. Ya tsige ganyena, ya ɗaura biyu a giciye. Ka san abin da wannan yake nufi. Ba ƙafa, ba filafili, ba mai shiga ba mai fitar da komai, har a zauna shari'a.

Ragar tana cikin ruwa, Toara. An rufe lungun da ita a ciki.

Apia da kansa ya je yana roƙo. "Ranka ya daɗe, in shiga in fito da kayana kawai, ko rigata ba za ta jiƙe ba." Mai gari ya ce, "Kai ka yi gaggawa. In na kwance yau don raga, gobe wani ya zo don ƙugiya, jibi ganye ya zama ganyen miya." Na ce masa na janye, ba ni da wata da'awa, a kawo Littafi in rantse a coci. Ya ce, "Ba kai ka yi ƙara ba, Malam. Wanda ya ƙulla shi zai kwance."

Kifi ya fara mutuwa a cikinta yana ruɓewa. Ina zaune a kan dutse tun safe ina kallon tulunan robar da ke riƙe da ragar suna lilo a kan ruwa. Jiya Gwaggo ta shigo ta gefen hagu inda igiyar ta ɗan saki. In na hango ta ina buga gwangwani ina ihu don ta koma, yara suna cewa Hedimasta ya zare. Ba ta jin tsorona, ni na saba mata da muryata.

Ka ji ni da kyau. Ba na son lungunka. Ba ni da ɗa, ba ni da mata, wa zan bar wa? Ka riƙe shi, ka hana ni kai baƙi, ka sa in yanka alade in ba ka haƙuri a gaban gari, duk na yarda. Ka rubuto wa mai gari ka janye ƙara. Ko ka ce a kwance na yini ɗaya a fitar da raga a mayar. Ina roƙonka da kabarin ubanka, wanda na goya a bayana kafin a san wa zai gāji wa.

Eliab.

Blenheim,
30 ga Agusta, 2008.

Baffa,

Ina gaishe ka, Allah ya ba ka lafiya. Ni lafiya.

Takardarka ta iso jiya, na karanta ta ni kaɗai a bayan rumfar kaya. Ban san haka za ta kasance ba. Na zaci mai gari zai tsige ganyen ne kawai, kowa ya koma yadda yake. Ban san Apia zai yi wannan wauta ba, Leisande kuma ba ta taɓa ambata mini cewa ɗan ya sarƙe ba, na ɗauka ƙari ka yi don ka tsorata ni. Na nemi waya a ofishin gona na kira Vila, ba wanda ya san yadda zai kai saƙo tsibiri kafin jirgi.

Ga takardar mai gari a ciki, ka kai masa da hannunka. Na janye ƙara. A kwance biyun, a fitar da raga, a ɗaura guda ɗaya da sunana, kai ne wakilina. Zancen gādo ma yi shi a gida, ni da kai, ba a zaure ba.

Ka yafe mini kalaman da na yi. Ka rubuto ka gaya mini Gwaggo tana lafiya.

Ɗanka,
Toara.

Worarua,
12 ga Satumba, 2008.

Toara,

Gaisuwa. Leisande da yara suna lafiya. Ni na yi kwanaki a kwance da zazzaɓi, na tashi.

Takardarka ta iso jiya Alhamis. Na kai wa mai gari da hannuna kamar yadda ka ce, ya karanta, ya sauka ya kwance ganyen. Ya tambaya ko a ɗaura guda ɗayan, na ce ya bari.

Ban rubuto maka tun da wuri ba don ban ga abin da takarda za ta gyara ba. Amma kai ne mai wuri, ya kamata ka ji daga bakin wanda ya gani.

Ranar Lahadi ce, ashirin da huɗu ga Agusta, an fito daga coci, kowa da fararen kayansa. Akwai baƙi jirgi biyu da suka zo musamman don Gwaggo, na riga na gaya musu sai dai su kalla daga kan yashi. Wata yarinyarsu ce ta fara nunawa, tana tsalle tana murna. Tulunan tsakiya sun nutse. Ɗan ne ya fara shiga, uwar ta bi shi. Ta tura shi har ya kuɓuce, ita kuma ta juya, ragar ta naɗe ta.

Gari duka ya sauko. Maza masu ƙarfi, masu kwalekwale a gabansu, suka tsaya a jere a bakin ruwa, ba wanda ya bari ruwan ya taɓa yatsarsa. Wani Bature ya cire riga zai faɗa, mata suka tare shi suna kururuwa. Yana tambayata da Turanci, "Me ya sa ba wanda zai je?"

Na ja kwalekwalena. Apia ya riƙe ni ta baya. "Hedimasta, ganye! Don Allah, Baba, za ka mutu!" Na ce, "Sake ni, ko ka zo mu je, ragarka ce." Ya sake ni. Bai zo ba. Wuƙarsa dai ya cusa mini a hannu.

Da saurayi ne ya tuƙa, da ya isa. Ni na isa tana ɗagowa ta ƙarshe, hancinta bai kai saman ruwa ba, saura kaɗan. Na shiga ruwan na yi ta yanka. Zaren roba ne, ka yanke ɗaya goma su riƙe. Ta buge ni da wutsiya sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara motsi ba. Na ci gaba da yanka duk da haka, har na ji ƙafafuna sun mutu, na kama gefen kwalekwale, iska ta koro ni ƙasa.

Manya sun ci ni tarar alade don na ƙetare ganye, na bayar. Da zazzaɓi ya kama ni, gari ya ce ganye ne. Ni na ce tsoho ne ya daɗe a ruwa. Kowa ya riƙe nasa. Gawar ba a iya taɓa ta ba, tana cikin haramtaccen wuri, kifaye masu haƙori suka yi aikinsu muna kallo. Baƙin sun tashi a ranar, kuma labari ya riga su isa Vila, tun daga nan ko jirgi ɗaya bai tsaya ba. Apia ba ya zuwa zaure. Jiya ya shiga ya kwaso abin da ya rage na ragar ya ƙone.

Ka ce in yafe maka. Na yafe, ba wuya. Zancen gādo kuma ka bar shi, ba abin da za mu zauna a kai. Lungun naka ne, yana nan yadda ubanka ya bar shi, ciyawa ta yi tsawo.

Ka ce in gaya maka tana lafiya. Gwaggo ta mutu. Ɗan ya yi ta zagaya wurin har zuwa Talata, yana shan nono ne bai fara kiwo ba, daga nan ba a sake ganinsa ba.

Baffanka,
Eliab.